Dariyar Da Aka Yanke A Barikin Ƙasa

Gumel, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Kaka, da yaranki, da duk mutanen Tsamiyar Kwance.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Bilal direba. Na kashe wayata na jefa ta cikin akwatin matattun wayoyin da ke shagona. Mai gyaran waya ba waya, ki yi dariya in kina so. Kwana da kwanaki ba ta huta ba, wannan ya zage ni, wancan ya ce na zama gwarzo, kuma duk cikinsu babu wanda ya taɓa buɗe littafi ya kai bangon ƙarshe.

Na san an kawo miki labari da gishiri, to ga shi daga bakina. Da na zo gida hutun Sallah na tarar da Kaka da amininsa Baffa Badamasi a inuwar Barikin Ƙasa, inda suka saba zama, sai na ajiye waya ina ɗaukar hirarsu. Kin san tun yaushe nake bin tarihin kangon nan. Mu mun taso mun gan shi makwancin jakuna, katanga huɗu da ramuka a jiki, da guntuwar hasumiya a kusurwar gabas. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa Bature ne ya sa aka gina shi, lokacin da shi da ɗan'uwansa Bafaranshe ke yanka ƙasarmu kamar masu rabon tsire, don ya sa ido kan hanyar da ta fito daga Damagaram. Sojojin da ya zuba ciki ba su cika motar Bilal ba. Ramukan nan na bakin bindiga ne, kuma ban ji an taɓa harbin kowa daga cikinsu ba sai zabi. Amma wa ya haƙa ƙasar? Wa ya ɗebo ruwan? Wa ya cuɗa, wa ya ɗora? Kakanninmu, bisa tilas, da bulala a bayansu. Na sayi tsofaffin littattafai a bakin titi a Kano, na karanta har idona ya yi ja. Sunan kowane Bature na nan, har da na dokinsa. Namu kuwa "mutanen gari" kawai.

To ranar nan sai ga suna daga bakin Kaka. Cewa ya yi, "Kakan wannan Bafulatanin ne ya jawo Bature har bakin rijiyarmu, ya riƙe masa linzami, ya dinga nuna masa gidajen da ke da samari majiya ƙarfi." Da kunnena na ji, waya ma ta ji. Na haɗa da hoton barikin na sa a dandalin 'yan garinmu, daga nan ya bazu.

Yanzu an ce wai na tayar da fitina. Wace fitina? Wanda aka zane da bulala bai yi fitina ba, sai wanda ya faɗi wanda ya nuna ƙofa? Ni ban ce Baffa ya yi komai ba. Kakansa na ce, kuma ba ni na ce ba, Kaka ne.

Duk da haka ki faɗa mini yadda gida yake. Na kira Kaka kafin in kashe wayar, aka ce ya ce ba ya kusa, alhali ina jin tarinsa.

Ki gaida kowa. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Haladu


Tsamiyar Kwance, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanina Haladu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kake lafiya. Yara suna gaishe ka.

Ka tambayi yadda gida yake, to bari in gaya maka, tunda kai ka yi nisa da hayaƙin.

Ranar Juma'a Anas ɗan Baffa ya kawo shanu rijiyar bariki kamar kullum. Samarin unguwar yamma suka tare bakin rijiyar, suka ce jikokin 'yan rakiyar Nasara ba sa shan ruwan nan. Wani ya kunna muryar Kaka daga wayarsa yana ɗagawa sama. Anas ya kora shanunsa har tafkin hanyar Maigatari cikin wannan rana. Washegari aka wayi gari an yi rubutu da gawayi a jikin katangar. Ba zan maimaita shi a nan ba. Ni da hannuna na je na goge da tsumma. Matan ruga sun daina shigo da nono cikin gari.

Amma ba wannan ne ya hana Kaka cin abinci ba. Shekaranjiya Baffa ya zo. Ka san yadda yake shigowa gidan nan, tun daga zaure yake kiran, "Ina bawan nan nawa, ko ya mutu ban ci gado ba?" Kaka kuma ya amsa da abin da ya fi wannan. To wannan karon sallama ya yi sau uku, ya cire takalmi, ya tsuguna nesa da tabarma. Ya ce, "Malam Dogo, an wuni lafiya? Ya iyali? Ya ƙarfin jiki?" Kaka ya zazzage shi, ya kira shi ɓarawon ciyawa, ya kira shi mai ƙafar sanda, yana jira a rama. Baffa ya ce, "Haka ne, Malam. Allah ya ƙara lafiya." Ya tashi ya tafi. Tun daga lokacin Kaka ke juya fuska bango, kunu ma sai da lallashi.

Yanzu ni ina da tambaya. Ranar da kake faɗa, ni na kai musu fura inuwar barikin, ina tsaye aka yi maganar nan. Kafin Kaka ya rufe baki Baffa ya riga ya faɗi kan tabarma don dariya, ya ce ai kakan Dogo ne kukun sojoji, aka kore shi don ya cinye musu gwangwanin madara har da murfin. Kai kanka ka yi dariya har ka ƙware. Na saurari abin da ka sa a dandali a wayar maƙwabta. Muryar Kaka ce ita kaɗai, a bushe, kamar mai ba da shaida gaban alƙali.

Ina dariyar ta tafi, Haladu?

Kai ba baƙo ba ne. A garin nan aka yanke maka cibiya. Ka san tsakanin Bamange irin Kaka da Bafulatani irin Baffa babu ƙaryar da ba a yi wa juna, kuma duk wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Kada ka zo mini da littattafan Kano.

Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Lauratu


Gumel, ranar Asabar

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya saka miki da alheri kan goge katangar.

Na fara rubuta miki amsa mai zafi, na yaga. Na sake wata da ta fi ta zafi, ita ma na yaga.

Ni na yanke ta. A nan shago, kan bencin da nake zaune yanzu. Na ja yatsa na tsaya daidai inda Kaka ya ja numfashi, kafin Baffa ya fashe, na datse. Na saurara na ji akwai ɗan guntun murmushi a muryar Kaka a kalmar ƙarshe, na koma na aske shi ma. Aikina ne, na iya. Ba kuskure ba ne, ba rashin sani ba ne. Na san wasa ne tun suna yi.

Kin ce kada in kawo miki littattafai, amma bari in faɗi wannan kaɗai, ba don in wanke kaina ba. Duk lokacin da na tsaya jikin katangar nan ina ganin sawun yatsu a cikin yaɓen, inda ruwa bai wanke ba. Yatsun wani ne. Wataƙila namu. Sai in rasa wanda zan shaƙe. Baturen ya mutu a ƙasarsu cikin bargo. Jikokinsa ba su san akwai wani gari wai shi Tsamiyar Kwance ba. Ina son wanda zan nuna da yatsa, wanda yake kusa, wanda zai ji. Sai na ɗauki mutumin da ya ɗora ni kan bijiminsa ina yaro, wanda duk zuwana ruga sai ya ce a ba "ɗan bawansa" kindirmon sama. Ga jarumin tarihin naku.

Na kunna wayar. Na sa cikakkiyar hirar yadda take, da dariyar, da maganar gwangwanin madara, na rubuta a sama cewa ni Haladu maƙaryaci ne, ni na yanke. Kin san me ya faru? Ta farkon ta kai har Zinder, wani ma ya ɗora mata kiɗan tausayi. Wannan kuwa ko 'yan layinmu ba su gama ji ba. Wani ya rubuto mini wai Fulani sun saye ni. Wani ya ce in daure, gaskiya ɗaci gare ta. Na zage shi, na zagi wanda ya haife shi, sannan na tuna wa ya ba shi abin faɗa.

Magana zarar bunu ce, na sha jin wannan a bakin tsofaffi ina hamma. Ni ba zara na yi ba, kunna wa bunun wuta na yi.

Ki gaya mini abin da zan yi. Ina jin kunyar shigowa garin. Ki karanta wa Kaka wannan in kin ga zai iya ji, in kuma ba zai iya ba ki sa a murhu.

Naki,
Haladu


Tsamiyar Kwance, ranar Talata

Daga Dogo Mai Gero zuwa ga jikansa Haladu. Lauratu ke rubutawa, yadda na faɗa haka za ta sa.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ka, ina sa maka albarka, don albarka ba a janye ta saboda wauta.

An karanta mini takardarka. Kana neman tarihin bariki, ka tafi Kano neman sa, ni kuwa ina nan zaune ba ka taɓa tambayata da hankali ba sai da wayo.

Wanda ya nuna wa Nasara rijiya ban san shi ba. Ubana bai san shi ba. Rijiya a bakin hanya take, makaho ma zai same ta. Maganar linzami ni na ƙaga ta muna samari, ranar da Badamasi ya kayar da ni a kokawa, na rasa abin ramawa. Abin da ubana ya gaya mini shi ne, da Mangawa da Fulani da Hausawa duk an kora su aikin, wanda ya gudu aka kama ƙaninsa. Da sojojin suka tashi, aka mayar da wurin inda ake tsayar da shanu a ƙirga jangali. Daga baya aka tara gyaɗa a ciki. Sannan shekarar agana ta zo.

Wannan ita na gani da idona. Duk yaron da ƙuraje suka fito masa sai a kai shi barikin a rufe, kada ya shafa wa gari. Aka kai ni. Uwata ta riga ta rasu, matan gidanmu kuma tsoro ya hana su matsowa. A ciki na tarar da wani siririn yaro baƙaƙen ƙuraje sun rufe masa fuska, ko Hausa bai iya sosai ba. Uwarsa kullum sai ta zo bayan katanga, ta turo 'yar ƙwaryar nono ta ramin bindigar nan da kake ta ɗaukar hotonsa. Da ta leƙa ta ga ni ba mai zuwar mini, sai ta koma turo biyu. Yara da yawa an fitar da su a tabarma. Mu muka fito da ƙafafunmu, fuska duk rami. Ranar da muka fito ya dube ni ya ce, "Kai, ka yi muni." Na ce, "Je ka dubi ruwa." Daga nan muka fara, ba mu tsaya ba sai da ka sa mana almakashi.

Yanzu labari ya zo mini cewa zai rage shanu a kasuwar Maigatari, ya tsallaka da sauran wajen 'yan'uwansa a Nijar. Ƙafafuna ba sa kai ni ruga. Ka zo. Ranar Juma'a bayan an sallame ka tashi a ƙofar masallaci ka faɗa da bakinka, ba da waya ba. Daga nan ka wuce ruga. Ba na son ka roƙa mini gafara, ban yi masa laifi ba. Zagina nake so ka karɓo mini. Ko guda ɗaya ne.

Wassalam. Allah ya kawo ka lafiya.

Kakanka,
Dogo


Gumel, ranar Lahadi

Yaya Lauratu,

Sallama. Na iso lafiya. Na gudo ne ban yi miki bankwana ba, don in na tsaya kika dube ni za ki gane.

Abin da ya faru a masallaci kin ji. Na faɗa, liman ya ƙara nasa, samarin yamma suka sunkuyar da kai kamar ba su ba. Wani har da cewa shi dama bai yarda ba. Da ba a ƙofar masallaci muke ba da na fasa masa baki.

Abin da ba ki sani ba shi ne na ruga.

Baffa ya sa an shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Sabuwa, Yaya, irin ta baƙi. Ya kira ni Malam Haladu. Na durƙusa na faɗi duk abin da na yi, ya saurara yana murza carbi. Ya ce, "Na yafe, duniya da lahira. Kai yaro ne mai zafin kai, ubanka ma haka yake." Na ce to a fasa tafiyar, rijiya ta buɗe, liman ya yi magana. Sai ya ce, "Ba maganarka ce ta kore ni ba. Yaran nan da suka tare Anas, babu wanda ban aika da nono ranar sunansa ba. Murya ɗaya suka ji a waya, ba wanda ya ce bari mu tambayi tsohon nan. Ashe abin yana cikin tukunya, kai murfi kawai ka ɗaga. Ni na tsufa, amma ina da jikoki."

Na ce to Kaka fa, ya aiko ni karɓar zaginsa. Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Bakin ya ƙi. In na buɗe sai in ji kamar akwai waya a ƙarƙashin tabarma. Ka gaishe shi da kyau."

Da wannan na taho. Na shigo na ga Kaka ya tashi zaune, ya sa hula, yana kallon bakina kamar yaron da aka je wa kasuwa. Ya ce, "Me ɓarawon ya ce?" Yaya, na buɗe baki in ce ya gaishe ka da kyau, sai na ji kaina ina cewa, "Ya ce wai Bamange ko kwanciyar ciwo bai iya ba, kada ka kuskura ka mutu bai sayar da kai ba, don gawa ba ta kuɗi."

Kin ga yadda ya yi. Kin ga ya buga cinya, kin ga ya ce a kawo tuwo. Ke ma har da hawaye kina gode wa Allah. To ni na ƙaga. Baffa bai faɗa ba.

Da farko na cire abin da aka faɗa, yanzu na sa abin da ba a faɗa ba. Ban san wanne ya fi muni ba. Na dai san tsohon ya ci abinci. In kin ga a gaya masa, ki bari in zo in faɗa da kaina, kada in ƙara ɗora miki. In kin ga a bari, to har yaushe?

Ki yi mini addu'a, ko ki zage ni, duk wanda ya zo miki.

Ƙaninki,
Haladu


Tsamiyar Kwance, ranar Alhamis ta sama

Haladu,

Sallama. Takardarka ta makara. Kafin Bilal ya kawo ta, Kaka ya riga ya sa an ɗaura wa amalanke shanu, ya ce sai ya kai ramuwarsa da kansa. Ni na raka shi. A hanya na karanta, ban san ko in sa a juya ba.

Tun daga nesa Kaka ya fara ɗaga murya. Baffa ya fito ya tsaya yana kallonsa. Ya zo kamar zai taya ni sauke shi, ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Me aka ce na ce?" Na gaya masa. Ya ɗan rufe ido. Sannan ya juya ya ce, "Eh, ni na faɗa, kuma na rage farashi, don na ga kayan sun ƙara lalacewa."

Sun yi ta zagin juna har la'asar. Na ga Anas ya koma bayan bukka yana share fuska.

Da za mu taho Baffa ya ce in gaya maka zagin naka ba gishiri, amma ya karɓa ya zama nasa, kada ka kuskura ka ƙwace masa.

Su Baffa sun tashi ranar Asabar. Rijiyar tana nan, ba mai tare ta, ba mai zuwa. Kaka yana cin abinci, kullum yana tanadin abin da zai faɗa masa in sun dawo lokacin girbi. Ban ce masa za su dawo ba, ban ce ba za su dawo ba.

Ka zo ka zauna da shi. Inuwar barikin ta yi masa yawa shi kaɗai.

Wassalam.

Yayarka,
Lauratu